Neman Fiton Kirinjijiya a Damagaram

Talata: Tanut zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito da bargo a kafaɗa, sanyi yana cin yatsu. Na leƙa ɗakin yayata Dije. Shekara uku ke nan ba ta gani, tun kaka kuma ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta ji takuna, ta ce, "Zinaru, kar ki dawo mini da turare ko atamfa. Kukan nan nake so."

Kukan kirinjijiya take nufi, agwagin ruwan nan masu farar fuska da ke fito kamar mutum. Muna ƴan mata a kwarin Tarka, da sanyi ya shigo sai su cika tabkin bayan garinmu. Mu je ɗibar ruwa, suna fito muna mayar musu. Yanzu tabkin yana ƙafewa tun ba a gama sussuka ba. Ɗiyarta Mariyama, da ke aure a Damagaram, ita ta ce suna sauka a wani lambu cikin birni. Na ce zan je in ɗauko mata kukan a waya. Mutanen gida suka yi dariya. Na ce su ƙara.

Motar ta bar tasha shida da minti ashirin, mu goma sha tara da akuya biyu a sama. Direba ya dube ni ta madubi.

"Hajiya, biki ko likita?"

"Kallon tsuntsu."

"Na Tanut sun ƙare ne?"

"Kai dai dubi gabanka, ga rami can."

A Sabon Kafi jandarma suka karɓi katin kowa. Wanda ya karɓi nawa ya tsaya yana lalubar sunan, na karanta masa da kaina. Ina da shekara arba'in da uku na shiga yaƙi da jahilci, ban sha wannan wuya don wani ya ɓata mini suna ba. Tara saura kwata muka tsaya Bakin Birji, na sha shayi da ƙosai na dala arba'in. Sha ɗaya saura muka shiga Damagaram. Tafiyar ta kusa kilomita ɗari da hamsin, gwiwata ta san da kowane ɗaya.

Lambun

Bayan la'asar Mariyama ta kai ni. Wuri ne mai darbejiya da dabino, ga kujerun siminti, ga tabki a ƙarshensa, masu lambu sun zagaye bakin ruwan da salad da kabeji da ƴar dawar rani. Muka tarar da wani tsohon ma'aikacin gandun daji, Malam Isuhu, da abokansa biyu, kowa da madubin hangen nesa. Duk sanyi suna zuwa, su zauna shiru, su rubuta abin da ya sauka. Ya ce wasu ƙananan tsuntsayen ma daga ƙasar Turawa suke gudowa saboda sanyi.

"Hajiya, doka ɗaya ce a nan," in ji shi. "Baki a rufe."

Ya ba ni madubin. Ga su, wallahi ga su, jere a kan tsibirin laka, fuskoki fari fat. Sai da na goge ido. Mariyama ta danna mini wurin ɗaukar murya, na miƙa hannu ina jira su yi fito.

Sai garken jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye hatsi, ya taso daga yamma, baƙi ƙirin, ya nufi dawar wani mai lambu. Jama'a, ni ɗiyar Damargu ce, ƙasar noman gero. Shekara goma na yi a kan rumfar gonar Baba, ni a gabas Yaya a yamma, muna jan igiyar gwangwanaye muna korar tsuntsu daga gero. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haaaa! Haa-yaaa! Tashi, ɓarayi!"

Komai ya tashi. Jan-baki, zalɓe, balbela, har kirinjijiyata. Tabki ya koma wayam.

"Inna!" Mariyama ta rufe fuska da mayafi.

Malam Isuhu ya rufe littafinsa a hankali. "Awa biyu muna jira, Hajiya."

"Ku kuna jira, bawan Allah yana asarar dawarsa."

Daga can mai lambu ya ɗaga hula, "Allah ya biya, Inna! Gobe ma ki zo!"

Na amsa da ƙarfi. Har magariba ba su dawo ba. Tuwon shinkafar Mariyama ban ci rabinsa ba.

Laraba: komawa

Shida da kwata ina bakin tabkin. Malam Isuhu ya riga ni. Ya matsa mini wuri. Na naɗe bakina da gefen bargo, na cije. Bakwai saura minti goma suka zo ta kudu, suna fito tun daga sama, sau uku uku, siriri, yadda na san shi. Na ɗauka har hannuna ya sage. Da zan tafi tsohon ya ce, "Ashe kina iyawa." Na ce kar ya saba.

Motar sha biyu na samu, huɗu da rabi ina Tanut. Ban cire takalmi ba na shiga wurin Yaya, na sa mata waya a kunne. Ta saurara, leɓenta yana motsi, tana son mayar musu, iska ba ta isa ba. Da ya ƙare wayar ta zarce kan ɗaukar jiya, sai ga muryata ta cika ɗaki. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni.

"Wa ke kora?"

"Ni ce, Yaya. Na kunyata kaina a birni."

"Har yau ba ki iya jan ƙarshen ba. Guntulewa kike." Ta ɗaga kai daga matashi, ta ja numfashi, ta sake shi, "Haa-yaaaaa!" Kajin tsakar gida suka watse. Ta koma ta kwanta tana tari tana dariya, hawaye har kunne.

"Sake sa mini," ta ce.

"Na tsuntsayen?"

"Naki."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni na same ta. Na gode wa Mariyama da mijinta. Malam Isuhu kuma ya yafe mini awa biyunsa.