Famfon Ɗakin Inna

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da aka saki ruwa a sabon bututun unguwarmu ta Kwamba. Kowa a layinmu da murna yake tuna ta. Ni kuwa har yau in na ji famfo ya yi tarin nan da yake yi kafin ya kawo ruwa, sai gabana ya faɗi.

Tsohon bututun ya girme ni. Tun ina yarinya yake ƙarƙashin titinmu, ya yi tsatsa, ya fashe nan ya fashe can, ruwan da yake kawowa ya koma ja kamar shayi, daga baya ma ya ɗauke ɗif. Muka koma hannun masu kura, 'yan ga-ruwa. Amma akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka a unguwar: ba mai rufe famfonsa. A buɗe ake barinsa, wai ko Allah zai sa ruwa ya zo wata rana, a ji motsinsa a tara. Shekaru suka shuɗe, muka manta ma a buɗe suke ko a rufe. Famfo ya zama maratayi, wani ya rataya tsumma, wani leda.

Akwai irin wannan famfon a ɗakin mahaifiyata, Inna, don da can kicin ne aka mayar da shi ɗaki. Daɓensa ya fi tsakar gida zurfi, ga shi mun ɗaga dokin ƙofar da bulo saboda ruwan sama da ke shigo mana da damina. Inna kuwa tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ba sa motsi, maganarta ta yi nauyi, sai wanda ya saba ke ganewa. Tun da ta taɓa faɗowa daga gado na sauke mata katifa ƙasa. A jikin famfon nan nake rataye mata carbi don hannunta mai lafiya ya kai.

Da aka zo sauya bututun, unguwa ta hargitse. Aka haƙa rami tun daga bakin titi har ƙarshen layi, keke mai ƙafa uku ya daina shigowa, sai katako aka gindaya ana tsallakawa. Baƙin fuskoki ko'ina. Ana cikin haka aka sace janareton wani mai shago, ba a san ko waye ba. Ni kuma Allah ya yi ni da zargi, ko kaza ta kalle ni sau biyu sai na ce da wata a ƙasa. Ɗinki nake yi, kekena da atamfofin mutane duk a ɗakin Inna suke. A da in zan fita, sakaya ƙofa kawai nake yi, maƙwabciyarmu da muke gida ɗaya ta riƙa leƙa Inna. Tsohuwar malamar firamare ce 'yar Kudancin Kaduna, Madam muke ce mata. To daga satar nan sai na sayo ƙaton kwado.

Ranar da zan kai ɗinki Abuja, Madam na shara ta gan ni ina datse ƙofa.

"Ke, da mutum a ciki? Bar mini makulli mana."

"Ba komai, Madam, yanzu zan dawo. Na ba ta abinci, na gyara ta."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da shararta. An dai yi ta faɗa cewa za a gwada sabon bututun, kowa ya duba famfonsa. Amma sau nawa aka yi mana alkawarin ruwa? Ta kunnen dama ya shiga, ta hagu ya fita.

Na kai ɗinki lafiya, na shiga kasuwa sayen zare da shafi. Ina tsaye ana auna mini yadi na buɗe waya, sai ga bidiyo a zauren matan unguwa: yara tsirara suna tsalle a ƙarƙashin famfon masallaci, ruwa na feshi da ƙarfi, mata na guɗa. Wallahi dariya na fara yi. Har na nuna wa mai shagon, na ce, "Ka ga ikon Allah, yau Kwamba an ga ruwa." Ban rufe baki ba carbin Inna ya faɗo mini a rai, da abin da yake rataye a kai.

Ban san yadda na bar shagon ba. Mai yadi na kira, "Hajiya, kayanki!" ban waiwaya ba. Na kira Madam, tana shiga ba a ɗauka. Na sake, na sake. Na kira duk wata lamba ta layinmu da nake da ita, babu wanda ya ɗaga. Ina za su ji? Kowa na waje da bokiti, wayoyi na ɗaki. Na rubuta a zauren mata cewa a taimaka a duba Inna, saƙona ya nutse a cikin barka da hotunan randuna.

A mota lissafi kawai nake yi, irin wanda ba na so. Ɗakin nan kwano ne, ruwa ba shi da mafita sai ya haura bulo. Katifar ba ta kai tsayin bulon ba. Inna ba ta iya tashi zaune sai an ɗaga ta, kuma ko ta yi ihu, muryarta ba ta wuce ƙofa. Sai kuma na tuna wayar wutar kekena da ke yashe a ƙasa. Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar.

Muka wuce Zuba, muka zo Madalla muka cake. Motoci sun cushe, masu talla na yawo a tsakani hankali kwance. Na ce wa direba ya bi ta gefe. Ya ce, "Hajiya, gosulo ne fa, tashi zan yi sama?" Wata mata kusa da ni ta ga ina ta kira ba a ɗauka ta tambaye ni lafiya. Na buɗe baki in ce mahaifiyata na kulle a ɗaki, kunya ta hana ni. Na ce mara lafiya gare ni a gida.

A nan ne Madam ta ɗauka. Hayaniya ta cika wayar, tana dariya: "Kin ji labari? Ruwa ya zo!"

"Madam, famfon ɗakin Inna a buɗe yake! Ki fasa ƙofar!"

Na ji ta ce, "Yesu!" sai ƙarar bokiti ya faɗi, layin ya katse. Na sake kira, ba a ɗauka. Wannan shirun ya fi na farko azaba, don yanzu na san akwai amsa, ni ce ban san ta ba. Na sauka daga motar ban karɓi canji ba, na tari ɗan acaɓa. Addu'a ma ta gagare ni, "Ya Allah, ya Allah" kawai nake maimaitawa.

A bakin layi ya sauke ni saboda ramin. Na cire takalma na ruga, na tsallake katakon da kullum nake bi a hankali ina zagin masu aikin. Mutane na yi mini barka da ruwa, ban ga fuskar kowa ba. Na shiga gida, tsakar gida ta jiƙe sharkaf, ƙofar Inna a karkace, an ɓalle ta da diga. Na leƙa. Ruwa ya cika ɗakin har bakin bulo, katifar ta nutse, kwanon abincinta na yawo a kai. Babu Inna. Na zauna a cikin caɓin.

"Ke, taso, tana nan."

Madam ce a ƙofar ɗakinta, jiƙe har ƙugu. Na shiga da rarrafe. Ga Inna a kan gadon Madam, an naɗe ta da zannuwa da bargo, an kunna gawayi a gefe, leɓɓanta sun yi fari, haƙoranta na kaɗawa. Madam ta ce masu haƙan ramin ta kira suka fasa ƙofar. Sun sami Inna ruwa ya kai mata kunne, ta kama ƙafar keken ɗinkina da hannunta mai lafiya ta ɗaga kanta sama. Sai da suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Wuta kuwa tun safe babu.

Na riƙe hannun nan, ƙarfen ya yi mata shati a tafi. Ina kuka ina cewa, "Inna, sannu. Inna, ki yafe mini." Sannan ta motsa baki, na kai kunnena kamar yadda na saba.

"Na yi ta kira," ta ce. "Na ji su suna wucewa. Kin kulle ni da kayanki."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Sanyi ya kama ƙirjinta, muka yi kwanaki a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunta ta ƙara shekaru tare da mu. Atamfofin mutane duk sun jiƙe, wasu sun zuba, ban ma tuna da su ba sai da masu su suka zo.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kwado ba ya tantance ɓarawo da mai ceto, duka yake hanawa shiga. Kaya ake kullewa. Mutum kuwa, musamman wanda ba ya iya tashi da kansa, a hannun mutane ake barinsa.