Sunan Kakar Amm Zaglul

Shekara goma sha tara na yi a teburin haihuwa da mutuwa na ofishin lafiyar gundumarmu, kudu da garin Esna, can nesa da Alƙahira. Masu neman takardar mutuwa yawanci gado ke kawo su ko fansho. Amm Zaglul Abdul-Mut'al ne kaɗai ya taɓa zuwa mini neman takardar matar da bai san sunanta ba.

Babu wanda bai san shi ba a garin, kowa Amm yake ce masa, wato baffa. Shekara talatin da shida ya yi yana jan ƙaramin jirgin ƙasan da ke kai rake masana'antar sukari. Ƙarar inji ta toshe masa kunne ɗaya, don haka ko a masallaci da ƙarfi yake magana. Mutum ne mai ji da asalinsa, yana iya jero maka kakanninsa maza bakwai ba tare da ya ja numfashi ba.

Ranar da aka binne mahaifinsa ne abin ya same shi. Da aka gama rufe kabari, shehin da zai yi talƙini ya waiwayo ya tambayi sunan mahaifiyar mamacin. Maza sun fi ɗari a wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Marigayin yana ɗan shekara shida iyayensa suka rasu a annobar zazzaɓi ta 1943, wani baffansa ya tafi da shi wani gari, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ambaton sunan mahaifiyarsa a gaban 'ya'yansa ba. Shehi ya kira shi ɗan Hauwa'u, aka watse.

Bayan sadakar arba'in sai ga Amm Zaglul a tagata. Na ce masa sai da cikakken suna ake neman takarda.

Ya ce, “Ustaza Wafa, da na san sunan ai da ina gida ina shan shayina.”

Na ce kwamfutarmu ba ta kai can baya ba. Ya ce kwamfuta jiya aka haife ta, shi littafi yake nufi. Na ce littattafan da suka tsufa Alƙahira ake kai su. Ya yi godiya ya tafi. Talata ta zagayo ya dawo da gurasar da matarsa ta gasa, ya ajiye mini, ya zauna a benci har muka tashi. Haka ya yi Talata huɗu. Abokan aikina suka fara yi mini tsiya wai angona ya iso. A ta biyar na roƙi likitan ofis makullin ɗakin ajiya, inda na san akwai wasu kwafin da ba a taɓa kwashewa ba.

Wuni biyu muka yi muna ɗaga littattafai kafin mu sami na ƙauyensu. Bangon ya rabu da jikin, amma tawadar tana nan daram, rubutun wani magatakarda mai suna Girgis Efendi. Muka fara da neman kakan, tunda shi mun san sunansa. A watan Nuwamba muka same shi: Abdul-Mut'al Hasanain, manomi, shekara talatin da biyar, zazzaɓi. Na bi layin da yatsa har gurbin ƙarshe, inda ake rubuta wanda ya kawo rahoton mutuwar. Aka rubuta: matarsa, Zarifa 'yar Hammad. Ga dangwalen babban yatsanta a gefe.

Na karanta masa, ya juyo mini da kunnen da ke ji ya ce in sake. Na sake. Sai ya faɗi sunan a hankali, karon farko da na taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Har zan rufe littafin idona ya sauka a layin da ke biye. Wani mutum ne dabam, ba danginsu ba, amma mai kawo rahoton Zarifa 'yar Hammad ce. Na ƙasa ma ita. Na juya shafi, ita ce daga sama har ƙasa. Na koma baya don in ga inda abin ya faro. A wancan zamani wanzamin ƙauye ne ke kawo rahoton mutuwa, kuma sunansa ne a gurbin har ƙarshen Oktoba, inda ya koma gurbin mamata. Daga nan kwana goma sha ɗaya ba a rubuta kowa ba, sai ranar da ta zo da sunan mijinta tare da na mutum takwas.

Daga ƙauyensu zuwa nan tafiyar awa uku ce a ƙafa, ban da jiran kwalekwale. Matar ba ta iya rubutu ba. A ka take ɗauko su: sunan mutum, na ubansa, na kakansa, shekarunsa, ranar da ya cika. Har jariran da ba su yi wata ba ta kawo su da sunayensu. Muka ƙirga tare, mutum sittin da huɗu a cikin wata uku. Ni da nake kan kujera a ƙarƙashin fanka, in aka faɗa mini suna biyu sai na ce a maimaita.

Amm Zaglul ya matso kusa da littafin. Ya ɗora babban yatsansa kusa da dangwalenta, nata bai kai rabin nasa ba.

A Fabrairu muka same ta. Zarifa 'yar Hammad, shekara ashirin da takwas, zazzaɓi. A gurbin mai kawo rahoto Girgis Efendi sunan kansa ya sa, kuma a gefen shafi ya ƙara layi biyu da ƙananan baƙaƙe. Ya ce kwana biyar bai gan ta ba, sai ya hau jaki ya je ƙauyen, ya tarar an binne ta kwana ɗaya kafin zuwansa. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai ga mai riƙon amana kamarta ba, Allah ya ji ƙanta.

Amm Zaglul ya ce, “'Yata, ba ni duka sittin da huɗun.”

Na ce doka ba ta bari in ba mutum takardar wanda ba jininsa ba. Na cika masa biyu, ta kakansa da ta kakarsa, na buga hatimi. Sauran ya kwafe sunayensu da hannunsa a littafin makaranta, ya shiga ƙauyen yana bi gida-gida. Kafin lokacin girbin rake ya wuce, gidaje ashirin da ɗaya sun zo tagata. Wani ya gano mahaifinsa yana da 'yan'uwa mata uku da bai taɓa jin labarinsu ba.

A wannan yawon ne ya haɗu da wata tsohuwa, Hajja Sakina, wadda ke da shekara tara lokacin annobar. Sunan bai faɗo mata ba sai da ya ce matar Abdul-Mut'al. Ta ce ai gajeriyar nan mai ɗingishi. Ta ce takan tsaya a ƙofar kowane gida ta tambayi wa aka rasa, sannan ta kama hanya tana ta maimaita sunayen, ba ta amsa gaisuwar kowa don kada su ɓace mata. Yara suka ɗauka ta zautu, har suna bin ta da waƙa.

“Har da ni a cikinsu, ɗana,” in ji tsohuwar.

Ta kuma tuna cewa ba 'yar ƙauyen ba ce, daga wajen Edfu aka auro ta. Makon jiya Amm Zaglul ya biyo ta ofis da sabuwar jallabiya, ya ce zai bi asalin kakarsa, in rubuta masa sunan ma'aikaciyar da ke riƙe da littattafan can. Na rubuta, na kuma buga mata waya na ce ta tanadi benci.