Gwaggo Nuna-Min da Rumbun da Bai Taɓa Cewa A'a Ba

Kafin gwaggona ta zauna a kujerarta ta ofis da safe, sai ta girgiza ta. Shekara da shekaru a kanta take zama, ba ta taɓa kayar da ita ba, amma sai ta girgiza. Sannan ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta. Allon zai nuna mata alamomi kore shar, wato duk aikin da aka bar wa na'ura ya tafi daidai. Kowa in ya ga koren nan hamdala yake yi ya tafi neman shayi. Ita kuwa sai ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido, kamar uwar da yaro ya ce mata ya wanke hannu.

"In ji wa?" take cewa. "Nuna min."

Daga nan sunan ya bi ta. A ofis Anti Nuna-Min ce, a gida Gwaggo Nuna-Min. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, zuciyata kuma ta ƙi barina in yi shiru.

Kamfanin da take wa aiki yana ajiye wa mutane hotuna da saƙonnin murya. A cikin manhajarsu akwai ayyukan da ke gudana a bayan fage, ba mai kallonsu: wannan ya kwashe tarkace, wancan ya mayar da tsofaffin kaya ma'ajiya. Aikin gwaggo shi ne ta tabbatar suna yin abin da aka ce su yi. To ba a gwada mai goge kaya a kan kayan mutane na gaske. Saboda haka takan gina masa duniyar bogi: rumbun bogi, hotunan bogi. A bakin ƙofar gogewa kuma ta dasa abin da suke kira ɗan leƙen asiri, wani ɗan guntun manhaja da ke shigar burtu. In aka ce masa "goge wannan" sai ya ce to, ba ya goge komai, sai dai ya riƙe abin da aka ce masa da lokacin da aka faɗa, ya kai wa gwaggo rahoto.

Na karanta littattafai da yawa, na zubar da hawaye a kan jarumai masu takobi da masoya masu haƙuri. Ban taɓa cin karo da jarumar da makaminta zargi ne ba. Gaskiya ma da ina ƙarama na ɗauka gwaggo ba ta son kowa. Ka ce ka ci abinci, ta leƙa kwano. Ka ce ka kulle ƙofa, ta tashi ta murɗa.

Labarin da ya sauya min tunani daga bakin Dogo na ji shi, abokin aikinta mai rubuta manhaja, wanda teburinsa ke jingine da nata.

A wancan lokacin babbar ma'ajiyar kamfanin ta kusa cika, har masu ajiya sun fara ƙorafin hotunansu ba sa shiga. Sai Dogo ya rubuta wani aiki da suka raɗa wa suna Mai Shara. Zai nemo kayan da aka daɗe ba a buɗe ba, ya kai kwafinsu wani rumbu na nesa, in rumbun ya karɓa sai ya goge na asali. Gwaggo ta gina rumbun bogi, ta dasa ɗan leƙen asirinta, aka gwada. Kore. Manaja ya tafa, ya ce bayan azahar za a saki Mai Shara a kan kayan gaske.

Dogo ya ce min da ya waiwayo sai ya ga gwaggo ta naɗe hannu tana harara, ba shi take harara ba, aikin hannunta take harara.

"Anti, lafiya? Ai kore ne."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Rumbun nan nawa ne ban yarda da shi ba."

"Wanda kika gina da kanki?"

"Shi fa. Tun da na gina shi bai taɓa ce min a'a ba. Kai a gidanku akwai mai ladabi haka?"

"Ni ne ai."

"Kai da ko kofin shayinka ba ka wankewa? Matsa min."

Ta zauna ta koya wa rumbun bogi rashin kunya. Ta sa shi ya ce ya cika. Mai Shara ya tsaya, madalla. Ta sa shi ya ce ya ƙi. Mai Shara ya tsaya. Sai ta sa shi ya yi shiru kawai, kamar yadda na gaske zai yi in layi ya yanke: bai ce ya karɓa ba, bai ce bai karɓa ba. Mai Shara ya ɗan jira, ya ɗauki shirun a matsayin amincewa, ya wuce ƙofar gogewa. Ɗan leƙen asiri ya kawo rahoto: an umarce shi ya goge komai, alhali babu kwafi a ko'ina.

Manaja kuwa da aka kira shi, agogo ya duba.

"Anti, rumbun gaske sau nawa zai yi shiru? Mutane na zagina a waya. A sake shi yau, a gyara wannan daga baya."

"Ba da hannuna ba, ranka ya daɗe."

"Wani lokaci ina zargin daɗi kike ji in kin tsayar da aiki."

"Ni ma ina zargin kaina, shi ya sa nake gwadawa. Amma ga shawara. Tunda ka yarda da shi, mu fara da taka ajiyar. Kai ma ai kana da kaya a ciki. In ta wuce lafiya, sai a bi da na sauran jama'a."

Dogo ya ce jira yake manaja ya yi dariya. Bai yi ba. Ya tsaya riƙe da bayan kujera, fuskarsa ta sauya. Can ya ce, "A gyara tukuna." Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Ofis ya cika da raɗe-raɗi. Me manaja ke ɓoyewa a ajiyarsa? Wasu suka ce hotunan wata ce, wasu suka ce gwaggo ta san wani sirri nasa ta yi masa barazana da shi. An yi kwanaki ana gaishe ta a ɗarare. Ba ta kare kanta ba. Ita da Dogo suka koya wa Mai Shara cewa shiru ba amsa ba ne, sai rumbu ya nuna shaidar abin da ya karɓa. Daga baya, wata rana da tsakar rana, layin rumbun gaske ya yanke. Mai Shara ya tsaya cak, ya jira. Ko hoto ɗaya bai ɓata ba, ba kuma wanda ya sani a waje, ba wanda ya aiko da godiya.

Gwaggo, ke ce mai gadin abin da masu shi suka manta suna da shi. Ke ce kika gwammace a kira ki mai taurin kai da a kira wani a ce masa a yi haƙuri, an goge. Mai zargi don ƙauna, yau na gane ki.

Da na je neman shaidu don wannan rubutu, manaja da kansa ya ba ni kujera, ya kuma yarda in faɗa. Abin da ke cikin ajiyarsa saƙonnin muryar mahaifiyarsa ne. Tun rasuwarta ya kasa buɗe ko ɗaya. Mai Shara kuwa da abin da aka fi daɗewa ba a buɗe ba yake farawa. Gwaggo ba ta san da wannan ba sam. Ita dai ta san mutum ya fi gane haɗari in kayansa ne za su salwanta.

Ya ce min a makon jiya ya same ta tana kwashe kayan teburinta, ya ba ta labarin, ya yi mata godiya. Ya ce mata, "Albarkacinki suna nan lafiya."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ka buɗe ka ji?"

"Allo ya nuna suna nan, Anti."

"Allo. In ji wa?"

Ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa, ya danna saƙonta na ƙarshe. Muryar tsohuwa ta fito tar, har da kukan kaza a bayanta: "Ka rubuto wai ka isa lafiya. Ni ban yarda da rubutun nan naku ba. Kira ni in ji muryarka."

Yana ba ni labarin yana murza ido, ni kuwa tuni na jiƙa gefen mayafina.

Gwaggo, na gode. A madadin dubban mutanen da ba su san sunanki ba, kuma hotunan iyayensu na nan saboda ke, na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ko da yake na san sai kin girgiza shi kafin ki zauna. Ku kuma da za ku gaji teburinta, da duk wanda aka ba amanar abin da ba a gani, ku koya wa rumbunanku na bogi cewa a'a, ku koya musu yin shiru, ku ga abin da aikinku zai yi. Kada kore ya ishe ku.

Na san za ki karanta wannan ki ƙanƙance ido ki ce in ji wa. Dogo na nan, manaja na nan, dukansu sun ce ki kira. Muryar tsohuwar ma tana nan, kuma wannan karon an buɗe an ji.