Kujerar Ɗelu Ta Kalli Gabas

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Madarunfa da yunwa ya san Ɗelu mai kifi. In bai riƙe sunanta ba, ya riƙe ƙamshin kaskonta. Tun tana amarya take suya a gindin bishiyar bedi da ke kan hanyar tabki. Masunta na fitowa da karfasa da tarwaɗa ita ke fara zaɓa, don ta riga kowa zuwa, ta kuma fi kowa baki. Da wannan kaskon ta rufe ɗaki biyu da kwano bayan rasuwar mijinta, ta aurar da ƴaƴa mata, ta biya wa autanta Shamsu kuɗin koyon mota. Yau ga shi da kamiyo, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya yi aure, ya kama gidan haya a Maraɗi.

Ɗelu ba marowaciya ba ce, in ji ta. Kuɗi ne kawai ba ta son ganin bayansu. Ka sayi kifin dala ashirin, za ta ɗora maka kai guda gyara, har da yaji. Amma ka ce ta rage maka dala ɗaya, sai ka ji labarin kakanka da bashin goron da ya mutu bai biya ba.

Abin da ya kayar da ita gwiwa ce. Shekara da shekaru na tsuguno gaban murhu suka taru suka zo karɓar hakkinsu lokaci guda. Salla ta koma yi a kan kujera, suya ma ta sa aka ɗaga mata murhu. Wuri ɗaya ne ya gagara, wato bayi. Nata irin na kowa ne, rami a kusurwar gida da katanga kewaye, sama a buɗe. Tsugunawa ba ta da wuya, nauyi ke kai mutum ƙasa. Tashi ne aikin. Sai ta kafa turke a gefen ramin tana kamawa ta miƙe, kuma turken ya yi mata hidima har damina ta jiƙa ƙasa. Wata safiya ta ja shi, ya taho mata a hannu.

Maƙwabciyarta Tani ce ta ji kira ta kan katanga, ta shigo ta ɗaga ta. Ta rantse ba wanda zai ji. Kafin azahar labari ya kai Maraɗi.

“Inna, ki haɗa kayanki,” in ji Shamsu a waya. “Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ki. Gidana akwai masai na zama, ba tsuguno, ba turke.”

“Kifin fa?”

“Kin soya wanda ya ishe ki.”

Ba ta yi masa gardama ba, amma ranar ko tuwo bai shiga ba. Ta san zaman Maraɗi: ɗaki da fanka da tele, a kawo maka abinci a kwano, ka wuni ba wanda ya tambaye ka farashin komai. Matar Shamsu, Fiddausi, yarinya ce mai ladabi, suna shiri sosai da Ɗelu, kuma su biyun sun san hanyar da ke tsakanin Madarunfa da Maraɗi tana da hannu a wannan shirin. In dai masai na zama ne zai fitar da ita daga gidanta, to za ta kawo shi gidanta.

Ta aika aka kira Jatau magini. Jatau mutumin wani ƙauye ne wajen Gabi, inda uwar Ɗelu ta fito. Danginsa har yau suna kan addinin kakanni, shi ma haka, kuma taubashinta ne, don haka ba abin da ba sa faɗa wa juna.

“Taubashiya, an ce turke ya yi miki tawaye.”

“An ce kai ma haƙoranka sun gudu sun bar ka. Zauna. Kujerar nan ta bayi, nawa take?”

“Sabuwa a kanti jika ashirin da biyar. Amma na san inda aka ciro wata, ba ta fashe ba, jika goma sha biyar.”

Ɗelu ta dafe ƙirji ta yi salati, ta zagi wanda ya ƙirƙiro ta, sannan ta ce a kawo. A zatonta magana ta ƙare.

“Sai siminti buhu biyu,” in ji Jatau.

“Na me?”

“Sai yashi. Sai tuyo. Sai kuɗin amalanke. Sai hannuna.”

“Kai tsaya. Ba ɗora ta ake yi kan rami ba, kamar kaza kan ƙwai?”

Jatau ya yi mata bayani. Bakin ramin itace ne da laka, in aka ɗora masa kujera da siminti da Ɗelu, wata rana su uku za su tafi ƙasa tare. Dole a kafa kujerar kan ƙasa mai ƙarfi a gefe, tuyo, wato bututu, ya fita ta bayanta ya kai kaya rami. Shi kuwa tuyo da mita ake sayar da shi.

Da jin mita Ɗelu ta miƙe da sandarta, suka shiga bayin tare.

“In aka jingina ta da waccan katangar ta kudu, mita uku ne da mai lanƙwasa guda,” in ji shi. “In kuma nan aka sa ta, ta ba ramin baya, mita ɗaya ya isa.”

“To me kake jira? Nan.”

Ta kwashi adashinta, ta sayar da tunkiya. Ta ce a naɗe kujerar cikin tabarma kada gari ya gani, sai dai jakin amalanken ya tsaya yin kuka daidai bakin tasha, tabarmar ta zame, gari ya gani. Matan unguwa suka yi ta shigowa barka. Tani ta leƙa cikin farar tasar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ita da za a ba ta, fura za ta riƙa damawa a ciki. Mai ga-ruwa ma ya zo ya duba, ya yi murmushi, don ya san abin da Ɗelu ba ta sani ba tukuna: kujerar nan ta fi saniya shan ruwa.

Jatau ya gama aiki, ya hana a taɓa sai siminti ya bushe. Ranar da ya ba da izini, Ɗelu ta yi sammako da butarta. Ta yi addu'a, ta shiga da ƙafar hagu, ta zauna a hankali tana jiran gwiwa ta yi ƙara. Gwiwa ta yi shiru. Ta jingina, ta miƙe ƙafafu, har dariya ta kusa kuɓuce mata. Ashe haka masu kuɗi ke ji da safe, suka ɓoye wa mutane.

Tana cikin wannan daɗi rana ta leƙo ta kan katanga, ta dalle mata ido sosai a tsakiyar fuska.

Rabon da Ɗelu ta miƙe da irin wannan sauri tun Shamsu yana goye.

Tun tana ƙarama uwarta ta koya mata cewa ba a fuskantar alƙibla a bayi, ba a kuma ba ta baya. A kan rami wannan bai taɓa zama abin tunani ba. Kana shiga ƙafafunka ke juyawa arewa da kansu, kamar yadda hannu ke samun baki a cikin duhu. Ita kuwa kujera ba ta juyawa. Inda aka kafa ta, nan take kallo, kuma gabas take kallo.

“Jatau, ka sa ni kallon gabas,” ta ce da shi da aka kirawo shi.

“Ni na sa ki? Na ce kudu mita uku, kika ce nan.”

“Kai ba ka san gabas ba?”

“Na san ta mana, can rana ke fitowa. Amma ke ce mai salla sau biyar, taubashiya. Ni sau nawa kika taɓa gani na yi?”

Ta ɗaga sanda, ya matsa baya yana dariya. Da aka dawo maganar gyara, dariyar ta koma wajensa shi kaɗai. Sai an fasa simintin, a sayi wani buhu, a sayi tuyon da ta ƙi saya da farko, har da mai lanƙwasar.

“Jika goma sha biyu,” in ji shi. “In kuma ta fashe wajen cirewa, ba ruwana.”

Abin da ya rage a hannun Ɗelu jarin kifi ne, shi kuwa ko gobara ba ta sa ta taɓa shi. Sai ta aiki Tani wajen Malam Hassan, limamin unguwa, ta ce ta yi tambayar da sunan wata mata a wani gari. Tani ta dawo da amsa. Malam ya ce in akwai katanga tsakanin mutum da alƙibla malamai da yawa sun yi sauƙi, ko da yake kaucewa ta fi.

“Kuma ya ce in gaishe ki, Allah ya ba ki lafiyar gwiwa.”

Ɗelu ta juya kifin da ke kasko. Can ta ce, “Malam ya yi sauƙi. Innata ba ta yi ba.”

Sai ta samo dabara. Ta riƙa zama a karkace, fuska arewa, irin zaman da tsofaffin mata ke yi a bayan babur ɗin kabu-kabu: rabinta kan kujera, rabinta a hannun Allah, tafin hannu ɗaya dafe da katanga. Gwiwa ta huta, ƙugu ya karɓi aikin. Ba a daɗe ba ta fara tafiya a karkace ita ma. Ta faɗa wa Tani dalili, Tani ta rantse ba wanda zai ji.

Shamsu bai jira ƙarshen wata ba. Ya aro ƙaramar mota ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwa, sannan ya wuce ya duba aikin. Ya fito yana girgiza kai.

“Inna, kin sayar da tunkiya kin sayi ciwon ƙugu. Yau dai sai Maraɗi.”

“To, ɗan nan. Yadda ka ce.”

Da Shamsu ya san uwarsa kamar yadda masunta suka san ta, da wannan “to” ta tsorata shi. Ta sa Tani ta ɗaure mata zannuwa, ta kife kasko, ta rufe taga. Har ta kai ƙofar gida sai ta tsaya, ta jingina da sanda.

“Af, na manta ban tambaya ba. Taka kujerar ina ta kalla?”

“Wace kujera?”

“Wadda za ka kai ni in zauna a kai.”

Shamsu ya juya dama, ya miƙa hannu yana auna inda ƙofar gidansa take, ya juya hagu yana neman masallacin unguwarsu a cikin iska. Mutumin da ya san kowane rami a hanyar Jibiya, ga shi yana zagaye a tsakar gidan uwarsa kamar jakin da aka ɗaure.

“Kira Fiddausi,” in ji Ɗelu. “Ka buɗe murya in ji.”

Ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, “Bayinmu, in mutum ya zauna, ina yake kallo?”

“Lafiya?”

“Inna ce zan taho da ita, ta zauna da mu gaba ɗaya. Amma ba ta zama kan wanda ya kalli gabas.”

Ta cikin wayar har ana jin tukunya na tafasa a Maraɗi.

“Gabas ya kalla,” in ji Fiddausi.

“Kin tabbata? Ni ina ganin kamar…”

“Ni ke wanke shi kullum. Gabas sak.”

Ɗelu ta matso da bakinta kusa da wayar. “Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kin faɗi gaskiya kin huta.”

“Amin, Inna. Ya ƙugun?”

Daga nan lissafi ya koma kan Shamsu. Gidansa na haya ne, bayin kuma shafe yake da karo, wato tayil, har bango, mai gidan ba zai yarda a sa masa guduma ba. Nan kuwa siminti ne da ƙasa, ga magini a kusa. Jatau, wanda ya ji zuwan mota ya zo gaisuwa bai tafi ba, ya gyara murya daga inuwa. Ga Shamsu farashin ya zama jika goma sha biyar, don a cewarsa tuyo ya tashi. Ɗelu ta kalle shi, ya kalle ta. Wannan ne karo na farko a tarihin Madarunfa da aka ƙara kuɗi a gabanta ta yi shiru.

Washegari Jatau ya zo da guduma da kurfi. Ɗelu ta sa aka kai mata kujerar sallarta bakin bayin, ta zauna a kansa, duk bugu ɗaya sai ta ce masa ya yi a hankali. Kujerar ta fito lafiya, ban da ɗan ɓalli a gindi wanda siminti ya rufe. Aka jingina ta da katangar kudu. Kafin ya zuba siminti sai da ta sa shi ya zauna a kai, ya nuna mata da hannu inda rana ke fitowa, hannun ya tafi dama.

Ko Shamsu ya duba nasa bayin da ya koma gida, bai faɗa wa kowa ba, bai kuma sake tayar da maganar tafiya ba. Ɗelu tana nan gindin bedi, tana faɗa da mai ga-ruwa kan bido biyun, wato jarkokin ruwan da kujera ta ƙara mata. Duk ranar da kamiyon Shamsu ya biyo, takan ba shi ƙullin kifi ya kai gida. Tarwaɗar da ta fi girma kuwa daban take ɗaure ta, ta ce wannan ta Fiddausi ce, kada ya taɓa.