Ranar da Sankat Ya Yi wa Baffana Amshi

Shekarun baya ina da ɗan situdiyo a Tambuwal, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, amma ina jin kaina wani babban furodusa. Baffana kuwa makaɗin noma ne a Kebbe. Mahaifina ne mai yi masa amshi, kuma tun da ya rasu baffa ya rataye gangarsa. Cewa yake waƙar da ba mai amsawa surutu ce.

Da bikin autarsa ya zo, ta kafe sai ya yi mata waƙa ko ɗaya ce. Da ƙyar ya yarda. Ni aka ɗora wa kayan sauti.

Hanyar Kebbe ta yi mana aikinta. Ni da wani abokina muka faɗa wani rami da babur, mikisa, na'urar haɗa sautin, ta yi tsalle ta daki ƙasa. Muka jona ta a filin biki, shiru kake ji. Ga jama'a sun cika bayan la'asar, ga baffa zaune da ganga, ni kuwa zufa har cikin takalmi. Na san in ya tashi yau, ya tashi ke nan.

Abokina ya leƙa jakata ya ga sankat, ɗan akwatin da nake ɗaukar murya da shi a kwamfuta. Ya ce, "Wanga ba ya aiki shi kaɗai?" Ban taɓa gwadawa ba. Muka ba shi wuta da cajar waya, makirfo ta shiga ta gaba, waya ta fita zuwa lasifika. Sai ga sauti!

Ashe akwatin ya riƙe saitin da na bari a situdiyo, mai maimaita murya. Baffa ya ja baitin farko, lasifika ta dawo masa da ƙarshensa. Ya tsaya cak. Na kai hannu zan kashe, a rikice.

Ya ce, "Kai, bar shi! Wa ka amsa min?"

"Na'ura ce, Baffa. Muryarka ce."

Ya girgiza kai. "Wagga muryar ƙanena ta."

Wallahi ni ma mahaifina na ji. Muryarsu ɗaya, ban taɓa lura ba. Baffa ya dinga jan baiti yana dakatawa, yana barin gurbin amshi kamar da. Amarya tana ta hawaye.

Na san yadda na'urar take aiki, zan iya zana maka shi a takarda. Amma har yau abin yana ba ni mamaki. Na canza kayan aiki sau da yawa, wannan sankat ɗin kuwa yana nan, kuma ban sake taɓa saitinsa ba.