Tumatirin Kaka

A makaranta ni ce ta ƙarshe a aji, amma a unguwarmu a Likoro ni ce malama. Ina aji shida a lokacin. Baba yana aiki a Zariya, sai Asabar yake zuwa, don haka duk manomin da ya sayo maganin feshi ni yake kawo wa kwalbar in karanta masa.

Ba karantawa nake yi ba. Haruffa ba sa tsaya mini wuri ɗaya, kafin in kai ƙarshen layi farkonsa ya ɓace mini. Sai da na girma wata malamar kwaleji ta gaya mini cewa abin yana da suna, disleksiya, kuma ba daƙiƙanci ba ne. A lokacin dai bulala ce kawai bayanin da nake samu.

Kunnena kuwa ba ya mantuwa. Duk ranar da na raka Inna kasuwar Makarfi sai in maƙale gefen rumfar masu magani, in haddace abin da suke gaya wa manoma: mai jan murfi na ciyawa ne, mai kore na tsutsa, murfi kaza a tankin feshi. In an kawo mini kwalba sai in ɗaure fuska, in bi layi da yatsa, har in ja ɗan tsaki kamar Turancin ne ya ɓata mini rai. Na sha rake da mazarƙwaila a wannan sana'a, kuma ko kunya ban ji ba.

Wanda ya fi kowa alfahari da ni shi ne kakana, mahaifin Baba. Wani rani tsutsa ta shiga tumatirinsa na fadama, daidai lokacin da ya fara fure, shi ne kuma duk abin da ya noma. Wani abokinsa na Kudan ya ba shi sauran magani a wata kwalba da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Amarya, zo ki duba mini, idon angonki ya tsufa."

Murfin kore ne. Na bi layi da yatsa, na ce, "Na tsutsa ne, murfi biyu a tanki. Kuma wannan ango marowaci, ladana fa?"

Ya ba ni sandar rake, ya tafi ya fesa. Kafin Asabar fadamar nan ta yi kamar an bi ta da wuta.

Baba ya zo, ya ɗauki kwalbar, kallo ɗaya ya yi mata. Maganin ciyawa ne, an rubuta da manyan haruffa. Ya waiwayo ya dube ni. Ba dukan nake tsoro ba, na saba da shi. Tsorona a gane cewa a gida ma ni ba kowa ba ce.

Kaka ya riga ni magana. "Kada ka dube ta. Ta ce kar in fesa, ni ne na ƙi ji."

Da la'asar ya same ni ni kaɗai a zaure. "Amarya, tun yaushe idonki yake ciwo?"

Na ce, "Ina gani, Kaka. Haruffan ne ba sa tsayawa."

Bai gane ba, amma bai ƙara tambaya ba. Ya dai ce daga yau in kwalba ta zo, in ce a jira Asabar.

Labari ya bazu cewa tsoho ya fi jikarsa 'yar boko sani, ya ƙona gonarsa da hannunsa. Har ya rasu abokansa ba su daina tsokanarsa da wannan ba. Yakan yi dariya tare da su, ni kuma ina zaune kusa da shi, ban taɓa buɗe baki ba.