Lissafin da Ba a Yafe wa Yaya Nasiru Ba

Yau shekara tara ke nan da muka binne yayana Nasiru a nan Landan. An saba a irin wannan rubutu a jero kyawawan halayen mamaci a rufe da addu'a. Addu'a ina yi masa kullum. Yau da waɗanda suka ci mutuncinsa nake son magana, don suna raye, kuma na san suna karanta jaridar nan.

Yaya malamin kimiyya ne a wata sakandare kusa da Plumstead. Kowace Asabar yakan tara 'ya'yan Hausawa ya koya musu kyauta. Yana da aboki a wurin aiki, Mista Ramesh, malamin lissafi, mabiyin addinin Hindu, wanda suke cin abincin rana tare suna gardama.

Wata shekara, a taron Sallah da ƙungiyarmu ta Hausawan Landan ta yi a wani zaure a Old Kent Road, aka ba Yaya dama ya yi wa matasa jawabi. Wata yarinya ta tambaye shi shekarun sararin samaniya. Ya ce masana sun auna hasken da ke zuwa daga nesa, sun samu kusan shekara biliyan goma sha huɗu. Sannan ya ƙara da abin da Mista Ramesh ya gaya masa: a littattafan Hindu, yini guda na abin bautarsu Brahma ya haura shekara biliyan huɗu, kuma a wurinsu duniya ƙarewa take ta sake farawa. Ya ce, "Su ba awo suka yi ba, kuma ba imanina ba ne. Abin da ya ba ni mamaki, tun zamanin da babu na'ura, ba su ji tsoron babban adadi ba."

Shi ke nan laifinsa. Shugaban ƙungiyar na lokacin ya miƙe da farantin shinkafa a hannu ya ce, "Malam Nasiru, karatun masu gumaka ka zo koya wa 'ya'yanmu?"

"Alhaji, tambaya aka yi mini na amsa," in ji Yaya.

Kafin sati biyu labari ya zama wai ya bar sallah. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa zuwa wata Asabar na tarar da shi ya jera kujeru, ya rubuta darasi a allo, yana zaune shi kaɗai. Matarsa Aunty Binta aka daina gayyatarta suna da biki. Mutumin da na tashi ina jin muryarsa yana tilawa bayan asuba, shi ne ake sauya sahu in an gan shi a masallaci.

Bayan shekara biyu ciwon hanta ya kwantar da shi a asibiti a Camberwell. Wata uku muna jinya. Bas ɗaya ce tsakanin gidajen yawancinku da asibitin nan, amma Mista Ramesh ne ke zuwa. In lokacin azahar ya yi, shi ke juya gadon ya fuskanci alƙibla, ya fita ya tsaya a ƙofa. Ku kuwa sai ranar jana'iza kuka cika wuri. Alhaji, kai ne a sahun gaba, har ka ce mun yi rashin masani.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Alhaji, jikarka tana jami'a tana karatun taurari, kai da kanka ka turo mana hotonta a waya kana alfahari. Adadin da aka kori yayana a kansa, shi take rubutawa a jarrabawa. Watan jiya mun haɗu a wani ɗaurin aure, na tuna maka. Ka ce, "Haba Hajiya, ai wannan ya wuce." A wurinka ya wuce. Aunty Binta ta kwashe yara ta koma Kano saboda ba ta iya kallonku, yaran da ko Hausa ba sa mayarwa.

Shi ma ina da fushi da shi. Me ya sa ya yi shiru? Na roƙe shi ya tara su ya wanke kansa, ya ƙi. Sai ya ce Wanda ya yi abu mai faɗin nan ai bai rasa sanin abin da ke zuciyarsa ba.

Bai bar littafi ba, bai bar gida ba. Abin da ya rage nasa mutane ne ƙalilan da suka zauna a ajinsa kafin a janye su, waɗanda har yau in sun gan ni a hanya sukan ce a wurinsa suka fara sanin tambaya ba zunubi ba ce. Kwana uku kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce ya yafe wa kowa, in isar muku. Shekara tara na riƙe saƙon ban ba ku ba, don a ganina ba ku cancanta ba. To ga shi na isar, na sauke amanarsa. Amma yafiyarsa ce. Tawa, sai ranar da ɗayanku ya ɗauki waya ya kira Aunty Binta.